Kamfanonin da ke raba gwajin manhaja ga jama'a: ta yaya ake gane na ƙwarai kafin a zuba dala?

Abbati_Fagge:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan ciki da bai. Mu ƙaramin kamfani ne a Kano, mun haɗa manhajar Android ta 'yan kasuwa, mai shago ya rubuta bashin da yake bin kwastomominsa, manhajar ta riƙa tura musu tunatarwa, in mutum ya tashi biya ya yi tiransifa ta ciki lissafin ya gyaru da kansa. A ofis komai lafiya lau, a wayoyinmu tana gudu ba wata matsala, amma tunda muka fara ba 'yan Kantin Kwari da Singa sai ƙorafi ta ko'ina, wannan ya ce lambar OTP ba ta shigo ba, wancan ya ce ya ɗaga kira ya dawo ya tarar duk abin da ya rubuta ya goge, wani kuma ya ce tunatarwar ba ta fita sai ya buɗe manhajar da hannunsa, kuma abin haushin in mun karɓi wayar mun gwada a gabansa sai ta yi aiki.

To mutumin da ya sa mana jari ya ce mu nemi irin kamfanonin nan masu tarin mutane a ƙasashe daban-daban, ka ba su manhaja su raba wa mutanensu kowa ya gwada a wayarsa ta gaske ya kawo rahoto. Na leƙa Applause, na leƙa Testlio da test IO da Testbirds da Global App Testing. Gaskiya duk bakinsu ɗaya, kowa yana da dubban masu gwaji, kowa yana kusan duk ƙasashen duniya, kowa ya jera tambarin manyan kamfanoni a shafinsa, kuma galibi ba za ka ga farashi ba sai ka cike fom a kira ka. Kuɗin nan dala ne ko yuro, mu kuma naira muke samu, ba mu da halin mu gwada wannan in bai yi ba mu koma wancan.

Me zan tambaye su in sun kira ni? Da me ake bambance mai aikin kirki da mai daɗin baki? Sannan akwai abin da ke hana ni barci, manhajar nan tana taɓa kuɗi da lambobin wayar mutane, ya zan miƙa ta ga mutanen da ban san su ba? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Gwaji_KD:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni ta ɗaya ɓangaren nake, wato ina cikin waɗanda ake turo wa manhajar su gwada, daga Kaduna nake yi, don haka bari in gaya maka abin da ba za su faɗa maka a kiran talla ba.

Ka manta da wannan adadin da suke rubutawa. Applause misali, wanda ya fara da sunan uTest a 2007 kafin ya canza suna a 2014, har yanzu uTest ake kiran dandalin masu gwajinsa kuma suna cewa mutanensu sun haura miliyan, ba ƙarya ba ce amma rajista ce, duk wanda ya buɗe akawun an ƙirga shi ko da bai taɓa kawo rahoto ɗaya ba. Kai abin da ya dame ka shi ne mutum nawa ne a Najeriya suka yi aiki aka biya su a 'yan watannin nan, a cikinsu nawa ne a Arewa, da wace irin waya, da wane layi. Ka ce su turo maka wannan a rubuce. Kuma ka lura, galibin mu da muke wannan aikin a ƙasar nan muna Legas da Abuja da Ibadan, kuma da zarar mutum ya fara samun 'yan daloli abu na farko da yake yi shi ne ya sayi waya mai kyau ya sa wayfai a ɗaki saboda ya riƙa samun gayyata da yawa. To kwastomanka na Kwari yana riƙe da itel ko Tecno mai RAM 2GB, ma'ajiyar wayar ta cika da bidiyon WhatsApp, sabis yana sauka daga 4G zuwa E a cikin lungun kasuwa. In aka ba mai Samsung sabuwa a Lekki manhajarka zai ce maka komai daidai ne kuma bai yi ƙarya ba.

Matsalar tunatarwa da ka ce ba ta fita ma ina kyautata zaton daga nan take. Wayoyin Transsion, wato Tecno da Infinix da itel, tsarinsu na tattalin batir yana kashe manhajar da ke aiki a ɓoye da wuri, tsarin HiOS na Tecno da XOS na Infinix duk suna yi, in ba mai wayar ya shiga setin ya ba ta izini ba. Wannan ba za a taɓa kama shi ba sai an bar manhajar a irin wayar ta kwana. Don haka ka tambaye su ko suna yin gwajin da ke ɗaukar kwanaki, ko kuwa nasu na awa biyu ne a watse.

Abu na biyu, kuma wallahi shi ne ya fi komai nuna maka irin rahoton da za ka samu, ka tambaye su yadda suke biyan mu. A uTest da test IO yawanci ana biya ne a kan kowane kuskure da aka amince da shi, da kuma jerin matakan gwaji in an ba ka ka bi, shi kuma Testlio da awa yake biya. Kamar ɗaukar 'yan ƙwadago ne a gona, in ka yi jinga da su a kan kunya za su yi sauri su bar maka ciyawa, in ka ce kuɗin yini ne sai ka tsaya a kansu. Inda ake biyan kan kuskure, wanda ya riga kawowa shi ke cin kuɗin, na biyu a ce ya maimaita ba a ba shi ko sisi, to ka ga ana buɗe zagayen gwaji kowa zai ruga ya kwashi na saman-sama, rubutu ya fita daga maɓalli, hoto ya karkace, an yi kuskuren harafi, saboda su ne ake gani cikin minti biyar. Shi kuwa kuskuren da sai ka fara tiransifa ka kashe data a tsakiya ka kunna ka ga ko an cire kuɗi sau biyu, wannan yana cin lokaci kuma yana da wuyar maimaitawa, ba kowa ne zai zauna masa ba sai in kuɗinsa ya fi na sauran sosai. Ba ina cewa tsarin ba shi da amfani ba ne, yana kawo idanu da yawa cikin gaggawa, amma dole ka sa a rubuta cewa ba ka son rahoton kwalliya a wannan zagayen, kuma a ɗora kuɗi mai kauri a kan abin da ya shafi biya da OTP da ɓacewar bayanai.

Sai maganar gaskiyar wurin da mutum yake. Jerin wayoyin da ke kan bayanan mai gwaji shi ne ya rubuta da hannunsa, kuma akwai masu amfani da VPN su nuna suna wata ƙasa. Ka tambayi kamfanin ya suke tabbatarwa. Hanya mai sauƙi ita ce kowane rahoto ya zo da bidiyon da ya nuna samfurin wayar da sunan layin a saman skirin, kai ma ta ɓangarenka ka sa manhajar ta riƙa rubuta samfurin waya da nau'in sabis a log, wato rikodin da take ajiyewa na abin da ke faruwa a cikinta, sai ka gwama.

Maman_Nana_QA:

Abbati sannu da ƙoƙari. Abin da Malam na Kaduna ya faɗa haka yake, ni kuma zan yi magana ta ɓangaren mai saye, don ina jagorantar sashen gwaji a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a Abuja kuma mun yi aiki da irin waɗannan kamfanoni.

Kar ka sa hannu a kwantiragin shekara daga kiran talla. Ka nemi gwajin ɗanɗano, ƙaramin zagaye guda, ko kyauta ko ka biya kaɗan, kuma in da hali ka yi da kamfani biyu a mako ɗaya da fayil ɗin manhaja iri ɗaya da umarni iri ɗaya, in ba haka ba ba ka da abin gwamawa. Kafin ka ba su, ku zauna da yaranka ku rubuta matsalolin da kuka riga kuka sani, irin waɗanda 'yan kasuwa suka kawo muku, ku bar su a ciki kar ku gyara, ku ƙara dasa wasu da gangan, misali lissafin bashi ya yi kuskure in adadin ya wuce miliyan, ko a iya danna maɓallin biya sau biyu a jere. Kar ku gaya musu. In rahoto ya dawo sai ku duba nawa suka kamo daga cikin waɗanda kuka sani. Wannan ya fi duk wani tambarin babban kamfani da suka liƙa a shafinsu, don wanda bai ga ramin da ka haƙa da hannunka ba, ba ka da dalilin yarda zai ga wanda kai ma ba ka sani ba.

Yawan rahoto ba shi ne aiki ba, wannan ka riƙe shi da kyau. Mun taɓa aiki da wani kamfani da ya cika mana Jira, manhajar da muke tara kurakurai a ciki, da rahotanni har injiniyoyinmu suka daina buɗewa, rabi maimaici ne, wasu ba kuskure ba ne mai gwajin ne bai fahimci yadda asusun banki ke aiki a Najeriya ba, lokacin da muka ɓata muna tacewa ya fi wanda suka rage mana. Shi ya sa tambayar da na fi ba muhimmanci yanzu ita ce wa ke tace rahoto kafin ya iso gare ni. Akwai jagoran zagaye da zai karanta kowanne, ya gwada ya ga ko yana maimaituwa, ya haɗe masu kama da juna, ya jera su daga mai tsanani zuwa mai sauƙi? Mutum ɗaya ne zai zauna da ku har ya san manhajarku ko kowane zagaye sabuwar fuska? A wane lokaci yake aiki, in yana Amurka kai kana Kano ka yi tambaya da safe sai dare za ka ji amsa. Wasu kamfanonin suna da tsari biyu, mai araha wanda kai za ka rubuta umarni ka tace da kanka, da mai tsada wanda su ke riƙe maka komai. Ku da ba ku da ma'aikacin gwaji ko ɗaya, mai arahar nan zai iya fin tsada in aka lissafa lokacin injiniyoyinku.

Ka ce su nuna maka samfurin rahoto na gaske, ko da sun goge sunan mai shi. Rahoton kirki yana da matakan da aka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata ya faru da abin da ya faru, bidiyo, samfurin waya da sigar Android, layin da aka yi amfani da shi, da log ɗin wayar. In babu log to rabin aiki ne, musamman a matsalar rufewar manhaja. Sannan ka tambaya in kun gyara, su za su sake gwadawa a wayar da ta nuna matsalar tun farko? Kuɗin yana ciki ko sabon lissafi ne? Wa ke da maganar ƙarshe in kun ce wannan ba kuskure ba ne su suka ce kuskure ne? A takardar kwantiragi kuma ka nemi wurin da aka yi maganar awannin da ba ku cinye ba, da yawa in wata ko shekara ta ƙare sun tafi ke nan, da wurin sabunta kwantiragi da kansa in ba ka rubuta musu da wuri ba.

Yanzu abin da ke hana ka barci. Kana da gaskiya ka damu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana kanka, hukumar NDPC ce ke sa ido, kuma a idon doka ku ne masu alhakin bayanan kwastomominku ko da wani kuka ba aiki, har da batun fitar da bayanan zuwa wata ƙasa akwai sharuɗɗa. Don haka masu gwaji ba sa shiga saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan manhaja, wadda 'yan kasuwa na gaske ke kai, sam. Ku tayar da sabar gwaji daban, ku cika ta da sunaye da lambobin bogi, kamfanonin karɓar biya ta intanet irin su Paystack da Flutterwave duk suna da yanayin gwaji da katunan gwaji da ba sa taɓa kuɗin gaske. Ku ba kowane mai gwaji akawun nasa, ku rufe su ranar da zagaye ya ƙare. Ka tambayi kamfanin ko kowane mai gwaji ya sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri, ko suna tantance katin shaidarsa, ina ake ajiye bidiyoyin da aka ɗauka kuma yaushe ake goge su, ko suna da shaidar tsaron bayanai irin takardar ISO 27001 ko rahoton SOC 2, in sun ce suna da shi ka ce a nuna maka. Amma ka sani takarda ba ta hana mutum ɗaukar skirinshot, abin da ba ka ba shi ba shi ne kawai ba zai fitar ba.

Kuma kar a haɗa maka gwajin aiki da gwajin tsaro a ce duk ɗaya ne. Neman ɓarakar da ɓarawo zai shiga aikin wasu ne daban, irin su HackerOne da Bugcrowd ko kamfanin tsaro da za ku ɗauka, waɗannan da ka lissafa yawanci aikinsu shi ne ko manhaja tana yin abin da aka ce ta yi.

Abbati_Fagge:

Kai, Allah ya saka da alheri, Anti da Malam na gode ƙwarai. Maganar dasa kuskure da gangan ta shige ni, gobe zan kai wa abokan aikina. Amma Anti akwai inda na tsaya, yanayin gwajin Paystack ba zai nuna min matsalar da ake samu da tiransifa ta gaske ba, irin a cire kuɗi a banki amma saƙon tabbatarwa ya makara, kuma ita ce ta fi tayar da rigima tsakanin mai shago da kwastoma. Sannan ban faɗa ba ɗazu, akwai 'yan Maraɗi da ke sarin kaya a Kwari da suka ce suna son manhajar, muna tunanin buɗe musu nan gaba. Waɗannan kamfanonin za su iya gwada mana a can?

Maman_Nana_QA:

Za a iya gwajin kuɗin gaske, manyan kamfanonin suna sayar da shi a matsayin aiki na musamman, mai gwaji ya biya da katinsa ko asusunsa a mayar masa. Amma a nan mutane kaɗan za ka nema, waɗanda aka tantance, kuɗi ƙanana, shagon bogi da kuka buɗe don wannan kaɗai, kuma a rubuta tun farko wa zai mayar musu da kuɗinsu da cajin banki da kuma cikin kwana nawa. Ka nemi a bambanta bankunan, wasu na tsofaffin bankuna wasu OPay da Moniepoint da PalmPay tunda su 'yan kasuwa suka fi riƙewa, a gwada da rana tsaka da kuma ƙarshen wata lokacin da hanyar NIBSS, wadda tiransifa tsakanin bankuna ke bi, ke cika. In manhajarku tana neman BVN ko NIN kar ku ajiye na masu gwaji bayan an gama, su ma dokar ta rufe su. Maganar OTP kuma ka sa a samo masu layin da aka kunna wa DND, tsarin nan na NCC na toshe saƙonnin talla ta lambar 2442, don in kamfanin da ke tura muku SMS yana bi ta hanyar saƙon talla to waɗannan layukan ba za su samu ba, ina zargin wasu daga cikin 'yan kasuwarka abin da ke damunsu ke nan.

Issoufou_Maradi:

Salamu alaikum, ina gaida mutanen Kano. Abbati tunda ka ambaci garinmu bari in sa baki. Duk kamfanin da ya ce maka yana da masu gwaji a Nijar ka ce ya gaya maka nawa ne, a wane gari, don "muna Afirka ta Yamma" sau da yawa Legas da Akara da Dakar da Abijan ake nufi. In ma an samu a Yamai ne, kuma rezo, wato sabis, na Yamai ba shi ne na Maraɗi ko Tasawa ko Dan Issa ba, ga ƴan kasuwar da ke bakin iyaka wayarsu tana tsalle tsakanin layin Nijar da na Najeriya, da yawa suna riƙe da sim biyu ɗaya na nan ɗaya na can. Ka sa wannan cikin abin da za a gwada, wace lamba manhajar za ta ɗauka, ta ina OTP zai shigo.

Abubuwan da za su karye maka a nan ba sai an je nesa ba. Lambarmu +227 ce kuma lamba 8 ce ba 11 ba, in fom ɗinku ya kafe sai 11 to ba wanda zai yi rajista. Layukanmu Airtel da Moov da Zamani, wanda da Orange ne, da Niger Telecom. Wayoyi da yawa an saita su da Faransanci, can kuma waƙafi ake sawa inda ku kuke sa ɗigo a lissafi, dubbai kuma a raba su da fili, na sha ganin manhajar da aka yi a Najeriya ta rufe kanta saboda wannan kawai. Sefa ba ta da kwabbai a bayanta kamar naira da kobo. Kuma babbar ita ce yadda muke ƙirga kuɗi a baki, da dala muke yi, dala ɗaya sefa 5 ce, in ɗan kasuwa ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, jikka kuma 1000. Mai shagon da zai rubuta bashi zai iya sa 20 yana nufin 100. Wane mai gwaji ne daga Turai ko ma daga Legas zai kawo maka wannan a rahoto? Ba zai gan shi a matsayin matsala ba sam, a wurinsa manhaja ta karɓi 20 ta nuna 20.

Haka rubutun Hausa, in kun sa shi a manhajar a duba ko ƙ da ɗ da ɓ suna fita daidai a tsofaffin wayoyi ba akwatuna ba, mu kuma ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y, to wajen neman suna a jerin masu bashi ya kamata ko ta yaya aka rubuta ya fito. In kamfani ya ce yana gwajin harshe ka ce a haɗa ka da mai gwajin Hausar ku yi magana ta murya minti biyar, nan take za ka san ko ya iya ko kuwa na'urar fassara yake bugawa.

Injiniya_Garba:

Abbati ɗana, na karanta duka, shawarwarin nan masu kyau ne amma ni ina da ja a kan tushen maganar. A matakin da kuke ban ga dalilin kai dala waje ba tukuna. Waɗannan kamfanoni an gina su ne don mai manhajar da ke ƙasashe da yawa wanda ba zai iya zuwa ko'ina ba, Testbirds a Munich yake, Testlio daga Estoniya ya taso a 2012, test IO na Balin ne kuma kamfanin EPAM ya saye shi a 2019, manyan kwastomominsu kamfanonin Turai da Amurka ne masu son a gwada musu a ƙasa talatin dare ɗaya. Kai kuwa mutanenka suna Kwari, daga Fagge ko a ƙafa ka je.

Kun sa Crashlytics a manhajar? Kyauta ne, zai nuna muku a wace waya ta rufe da kuma layin da ya jawo. Kuna duba Android vitals a Play Console? Can Google ke nuna yawan rufewa da sanƙarewa waya-waya, kuma suna da ma'auni, in rufewar da mai amfani ke gani ta wuce kashi 1.09 cikin ɗari ko sanƙarewa ta wuce 0.47 za su iya rage nuna manhajarku a Play Store. Akwai rahoton da suke bayarwa kafin a saki manhaja, akwai Firebase Test Lab inda Google ke gwada maka manhaja a wayoyi daban-daban, sai dai wayoyinsu a ɗakin saba suke da intanet mai ƙarfi don haka ba za su nuna maka matsalar sabis ba. Matsalar ɗaga kira a dawo a tarar rubutu ya goge ma ba sai ka biya kowa ba, Android ce ke kashe manhajar don ta samu wuri a waya mai ƙaramin RAM ku kuma ba ku adana abin da ke kan skirin ba, shiga zaɓin masu haɗa manhaja a setin ka kunna wanda ke hana ajiye shafuka a baya, za ka gan ta a teburinka yau ɗin nan.

Ka je kasuwar waya ta Farm Centre ka sayi tsofaffin itel da Tecno da Infinix na hannu, har da masu Android Go na ƙananan wayoyi, ka sa musu MTN da Airtel da Glo. Ka nemo ɗalibai masu hankali daga BUK ko jami'ar Wudil, ka biya su da kyau kuma a kan lokaci, su zauna a shagunan nan tare da masu shagon su ga yadda ake amfani da ita. Abin da za su gani a yini ɗaya a bayan kanta, yadda yaron shago ke rubutu da hannu ɗaya yana auna yadi da ɗayan, babu dandalin da zai sayar maka da shi.

Kuma gargaɗi ga sauran matasa da ke karantawa, tunda Google ta sa dokar cewa sabon akawun na mutum ɗaya sai ya yi rufaffen gwaji na kwana 14, da mutum 20 ne daga baya aka rage zuwa 12, sai ga masu talla ko'ina wai za su ba ka masu gwaji da araha. Yawancinsu sauke manhajar kawai suke yi su bar ta don a cika sharaɗi, wannan ba gwaji ba ne, kar a haɗa su da kamfanonin da ake magana a kai.

Gwaji_KD:

Yallaɓai Injiniya na yarda da kai a kan Crashlytics da Farm Centre, a fara da su. Inda zan ƙara kawai, ɗaliban nan in ba a koya musu rubuta rahoto ba abin da Abbati zai samu shi ne saƙon murya a WhatsApp wai "ba ta yi", irin wanda 'yan kasuwa ke turo masa yanzu. Abin da kamfanonin nan ke sayarwa a gaskiya horo ne da tsari da mai tacewa. uTest suna da makarantarsu ta intanet kyauta da ke koyar da yadda ake rubuta rahoto da ɗauko log da ɗaukar bidiyon skirin, ko wa zai iya rajista ya bi darussan, sai a sa ɗaliban su bi kafin su shiga kasuwa, a kuma samu mutum ɗaya gogagge, ko mai takardar shaidar gwajin manhaja ta ISTQB ko wanda ya daɗe yana yi, ya riƙa duba abin da suka kawo kafin ya kai ga injiniyoyi.

Abbati in kuma mai jarinku ya dage sai an ɗauki kamfani, to ka rage abin da za ka saya, kar ka ce su gwada komai. Ka ba su hanyar biya da OTP kawai, ka rubuta samfurin wayoyin da kake so da sunansu, ka rubuta Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, ka ce in ba su da mutane a can su faɗa tun yanzu ko su nemo, don suna iya ɗaukar sababbin masu gwaji saboda aiki guda in kwastoma ya nema.

Abbati_Fagge:

Baba Injiniya na kunna setin da ka ce, rubutun ya goge a gabana kamar yadda mai shagon ya faɗa, mun fara gyara. Ranar Asabar zan shiga Farm Centre in sha Allah. Kamfani biyu sun ba ni lokacin kira mako mai zuwa, zan tura musu tambayoyin Anti da na Malam a rubuce kafin ranar don kar a cika ni da surutu. Malam Issoufou dan Allah in ba damuwa zan turo maka fom ɗin rajistar ka gwada da lambarka ta Zamani, ina son in ga abin da zai yi da lamba 8.